Makarantar su yarona za ta fara fitar da 'yan nazare waje kullum, wai karatu a gindin bishiya. Karatu ne ko ɓata lokaci?

Maman_Ɗan_Auta:

Assalamu alaikum iyaye da malamai, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa huɗu yana nazare, to an turo mana takarda daga makaranta wai daga zango mai zuwa za su fara wani sabon tsari, kullum da safe za a riƙa fita da yaran wani fili da ke bayan makarantar mai bishiyoyi da ciyawa, su yi kusan awa biyu a can kafin a dawo aji. Wai su taɓa ƙasa, su yi shuka, su kalli ƙwari da tsuntsaye, har cewa aka yi mu riƙa sa musu kayan da ba za mu ji haushi ba in sun yi datti.

Ni dai gsky abin bai kwanta min ba. In wasan ƙasa ne ai a gida ma yana yi, kullum faɗan da muke yi kenan, ban ga dalilin da zan biya kuɗin makaranta a je a ci gaba daga inda ya tsaya ba. Sa'anninsa a wasu makarantun har sun fara haɗa baƙi suna rubuta sunansu, shi kuma za a ce ya je ya bi tururuwa? Ga rana, ga cizon ƙwari, ga shi yaro ne da ba ya zama waje ɗaya, ka ɗauke ido kaɗan ya ɓace. Babansa ya ce in bar su su gwada tukuna amma ni hankalina ya ƙi kwanciya, har na fara tunanin canza masa makaranta. Wanda ya san abin nan ko ya taɓa ganin inda ake yi dan Allah ya faɗa min gaskiya, akwai abin da yaro ke koya a ciki ko dai hutu malaman ke nema?

Malama_Rawda:

Wa alaikumus salam Maman Auta. Ni malamar ƙananan yara ce kuma muna fita da namu, to bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki. Maganar hutu kam cire ta a ranki, wlh ranar fita ta fi ranar aji gajiyar da malami, a aji ƙofa ɗaya ce ka rufe shikenan, a waje kuwa idonka ba ya hutawa, ƙirga kawuna kake yi ba dare ba rana.

Amma tambayarki tana kan hanya, domin fitar kanta ba ita ce karatun ba. In aka kora yara fili malama ta samu inuwa ta zauna tana danna waya, to wannan sunansa tara, ba wani tsari ba ne ko da me suka rubuta a takardar. Abin da ke mayar da shi karatu shi ne babban da ke tare da su ya san me yake nema.

Bari in ba ki misali da abu guda. Bayan an yi ruwa yara suka ɗaga wani guntun icce da ya daɗe a kwance, sai ga tana da wasu 'yan ƙwari sun watse. Nan take yara shida suka tsugunna, babu wanda ya ce musu su yi shiru amma shiru suka yi. Wata ta ce maciji ne, wani ya ce a'a maciji yana da ido wannan ba shi da shi, sai gardama ta kaure. Ni ban ba su amsa ba, tambaya kawai na yi, ina kanta ina wutsiyarta? me ya sa take ƙarƙashin iccen ba ta saman dutsen can? Sai wani ya sa hannu ya taɓa ƙasan wurin ya ce nan da sanyi, can da zafi. To kin ga wannan yaron shi da kansa ya lura, ya kwatanta, ya kawo dalili. Muka ƙirga su, huɗu, ɗaya ta shige rami saura nawa? Muka samo tsinke muka auna wacce ta fi tsawo. Da za mu tashi muka mayar da iccen yadda muka same shi saboda gidansu ne. Da muka koma aji kowa ya zana tasa, na rubuta kalmar a allo, kuma har ƙarshen satin in ka ce wane baƙi ne farkon tana duk sun sani, saboda abin nasu ne, su suka tono shi.

Sannan maganar rubutu da ke damunki. Yaro ba ya riƙe fensir da kyau sai kafaɗarsa da hannunsa da 'yan yatsunsa sun yi ƙwari, kuma ƙwarin nan daga jiki yake farawa ya gangaro yatsu. Hawa, rataya, tono, ɗaukar dutse, tsince iri ƙwaya ɗaya ɗaya da yatsa biyu, cuɗa laka, duk shirin rubutu ne ko da bai yi kama da shi ba. Sau da yawa yaron da aka danƙa wa fensir tun yana shekara uku aka ce sai ya cika shafi, za ki ga yana damƙe shi da dukan hannu yana danna takarda har ta yage, kuma gyara wannan riƙon daga baya aiki ne ja.

Abin da na fi gani da idona kuwa shi ne baki. Akwai yaran da a aji sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsu, amma a waje surutu kamar an kunna rediyo, domin akwai abin faɗa. Santsi, kaushi, danshi, nauyi, ƙarƙashi, tsakani, ya nutse, ya taso, waɗannan kalmomin ba a koyonsu da haddar baki, sai an taɓa. Yaron da yake da kalmomi da yawa a kansa shi ne in ya fara karatu yake gane abin da yake karantawa, ba wai ya furta kawai ba.

Abu_Hanifa77:

Malama Allah ya saka da alheri, bayaninki ya yi daɗi, amma ni fa ina bayan Maman Auta. Ke kin iya aikinki, to malamai nawa ne irinki? Yawancin makarantun da ke ɗauko irin wannan abin a intanet suka gani, suka ga hotunan yara turawa da takalman roba a daji abin ya burge su, sai a kwafo suna a bar aikin. Malama ɗaya da yara talatin ko fiye, a ce ta fita da su fili? Wa zai bi wanda ya ruga, wa zai tsaya da mai jin fitsari, wa zai kula da wanda ya cusa wani abu a baki?

Kuma ƙasashen da suka fara abin nan sanyi ne matsalarsu, ka ƙara wa yaro riga shikenan. Inda ake zafi fa? zafi ba a tuɓe shi. Iccen nan da kika ce yara sun ɗaga suka ga tana, a wani wurin kunama za su tarar ko maciji na gaske. Sannan mu faɗi gsky, in lokacin shiga firamare ya yi gwaji za a yi wa yaro, baƙaƙe da lambobi za a tambaye shi, babu mai tambayarsa ina kan tana ina wutsiyarta. Su can tsarinsu gaba ɗaya ya yarda yaro ya jira, in makarantar gaba ba ta yarda da jira ba to yaronka ne zai kwana a ciki. Ni ban ce a kulle yara a ɗaki ba, su yi tararsu su yi wasa, amma awa biyu kullum daga lokacin karatu ya yi yawa a ganina.

Anti_Nas:

Salam. Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana tunda nan ne aikina, sauran na bar wa malamai.

Yaya Abu awa biyun nan da kake ganin ta yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 cewa ta yi yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, wato awa uku, kuma a ciki minti 60 ya zama mai ƙarfi irin wanda zai sa shi haki. Ta ce kar a ɗaure shi a zaune waje ɗaya fiye da awa guda a jere, kallon waya da talabijin kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Yanzu kowa ya duba gidansa tsakaninsa da Allah, yaro ya tashi a sa shi a mota ko a goya shi, ya zauna a benci har azahar, ya dawo a miƙa masa waya don a samu a yi aiki, ina awa ukun take?

Na biyu ido, wannan shi mutane ba su cika sani ba. Matsalar rashin ganin abu na nesa, wadda ke sa yara sa tabarau tun suna ƙanana, tana ta ƙaruwa a duniya musamman a gabashin Asiya, kuma an gano hasken waje yana rage ta. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi gwaji da 'yan aji ɗaya na firamare, wasu makarantu aka ƙara musu minti 40 a waje kullum wasu aka bar su yadda suke, bayan shekara uku waɗanda suka kamu a cikin masu fita kusan kashi 30 cikin ɗari ne, a ɗaya ɓangaren kusan kashi 40, an buga sakamakon a 2015. Taiwan ma tun 2010 gwamnati ta sa makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 a rana saboda wannan. Kuma ba sai yaro ya tsaya cikin rana ba, hasken inuwar bishiya ma ya ninka na cikin aji sau da yawa, ga shi a waje ido na kallon nesa ba littafi da bango kaɗai ba.

Datti kuma Maman Auta, akwai wani bincike da aka yi a Finlan aka buga a 2020, suka ɗebo ƙasar daji da ciyawa suka shimfiɗa a harabar wasu gidajen renon yara, yara 'yan shekara 3 zuwa 5 suka riƙa wasa a kai suna shuka, cikin kwana 28 aka ga ƙwayoyin halitta masu amfani da ke fatarsu sun ƙaru kala kala har an ga canji a alamomin garkuwar jiki a jininsu. Yara 75 ne kacal a binciken don haka kar a ɗauke shi kamar an gama magana, amma dai yana nuna ba kowace ƙasa ce cuta ba.

To amma fa inda zan goyi bayan Yaya Abu, ƙasar daji daban, ƙasar da dabbobi ko mutane ke bahaya a kai daban. Akwai tsutsar ciki da ta fata take shiga in ana yawo ba takalmi a irin wannan wurin, saboda haka takalmi rufaffe dole ne, wanke hannu da sabulu kafin a ci komai dole ne, kuma ki duba katin rigakafinsa ki tabbatar allurar sarƙewar haƙora ta cika tunda yanka da ƙurjewa ba za a rasa ba. Zafi kuma ba abin wasa ba ne, ƙaramin yaro ba ya cewa ƙishi nake ji sai abin ya yi nisa, sai dai ki ga ya yi laushi ko ya fara rigima ba dalili. A fita da sassafe, a zauna a inuwa, hula, ruwa a kusa a riƙa tuna musu su sha, ranar da zafi ya yi tsanani a haƙura da fitar. Abin da na fi tsoro duk a ciki shi ne ruwa, kududdufi, rijiya, tanki a buɗe, ko bokiti cike, yaro ƙarami yana iya nutsewa a ruwa ɗan kaɗan kuma ba ihu ba motsi, shiru abin ke faruwa.

Dattijo_Mai_Karatu:

Barkanku dai. Ɗana Abu ka yi gaskiya rabi, bari in ƙara maka sauran rabin. Abin ba sabon yayi na intanet ba ne. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya kafa irin makarantar ƙananan yaran nan a 1840, cikin tsarinsa har da ba kowane yaro ɗan fegi ya shuka abinsa ya kula da shi. Wato fita waje tana cikin abin tun tushe, daga baya ne aka tattara yaran aka mayar kan benci.

Tsarin makarantar yara a daji kuwa a Denmak aka fi danganta farkonsa, farkon shekarun 1950, da wata mata Ella Flatau da ta riƙa fita da 'ya'yanta da na maƙwabta cikin daji kullum har iyaye suka haɗu suka mayar da shi makaranta. A Suwidin wani Gösta Frohm ya fara nasa shirin na yara a daji a 1957. Jamus ta farko a Wiesbaden ce a 1968, amma sai a 1993 hukuma ta amince da irinta a Flensburg, yanzu suna da fiye da dubu, wasu ko ginin aji ba su da shi sai ɗan ɗakin katako na fakewa in hadari ya taso. A 1993 ɗin dai wasu malamai daga kwalejin Bridgwater ta Ingila suka je Denmak suka gani suka kawo shi gida.

Wanda kuma ke ganin abin 'ya'yan masu kuɗi ne, ya nemi labarin Margaret McMillan da 'yar'uwarta Rachel. A 1914 suka buɗe nazare a sarari a Deptford, unguwar talakawa a Landan, saboda yaran wurin cunkoso da rashin iska da rashin hasken rana sun gama da lafiyarsu. Don 'ya'yan marasa hali aka yi ta.

Inda ka yi daidai shi ne zancen jira. A Finlan sai shekara 7 yaro ke shiga firamare, Jamus da Denmak 6, babu mai tsare ɗan shekara huɗu da jarabawa, to dole mai kwafowa ya duba abin da ke jiran yaron a gaba. Kuma su fa ba sakin yara suke yi ba. Wata mai bincike a Norwe, Ellen Sandseter, ta kasa wasan kasada na yara gida shida a 2007, hawa sama, gudu da sauri, kayan aiki masu kaifi, kusantar wuta ko ruwa, kokawa, da ɓacewa daga idon manya. Abin da masu wannan fannin ke cewa shi ne a bambanta kasadar da yaro ke gani da idonsa ya auna, kamar reshen da zai yanke shawara ya hau ko ya fasa, da haɗarin da ba zai iya gani ba kamar ruɓaɓɓen reshe ko fasasshiyar kwalba a ciyawa. Na farkon a bar masa, na biyun aikin babba ne ya kawar kafin yara su iso. Kunamar da ka ambata tana cikin na biyun.

Maman_Ɗan_Auta:

Kai jama'a na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Baba Dattijo Allah ya ƙara lafiya. Anti Nas maganar idon nan ta shige ni domin babansa tun yana firamare yake sa tabarau, kuma maganar waya ma dai na yi shiru kawai lol. Amma har yanzu abin da Abu ya faɗa yana raina, ta ya zan gane ko makarantar da gaske suke ko hoto kawai suka gani? Akwai taron iyaye kafin a koma, Malama me zan tambaye su? bana son in je in yi ta faɗa ba hujja.

Malama_Rawda:

Yawwa, ki je taron amma kafin nan ki ce a kai ki filin ki gani da ƙafarki, ba a hoto ba. Ki zagaya, akwai shinge ko wata iyaka da yara za su gane? akwai rami, rijiya, ruwa a kwance, hanyar mota kusa? inuwar ta isa yaran duka ko bishiya ɗaya ce kowa zai rakuɓe? banɗaki da wurin wanke hannu suna da nisa?

Sai ki tambayi manya nawa ne za su fita da yara nawa. In suka ce malama ɗaya da aji guda to ki ce ba ki yarda ba kai tsaye, Malam Abu ya yi gaskiya a nan, ko mu da muka saba ba ma fita sai an kasa yaran rukuni rukuni kowane da babbansa, kuma ko yaya dole a samu wanda zai iya barin wurin da yaro ɗaya ba tare da an bar sauran su kaɗai ba. Ki tambayi wa ke zagaya filin da safe kafin yara su fito. Mu wani ke riga mu zuwa da sanda ya bubbuga ciyawa ya juya duk icce da dutsen da yara za su iya ɗagawa, kuma yaran an koya musu ba a sa hannu a rami, ba a ɗaga abu sai an kira malama, ba a kai komai baki. Iccen tanar nan ma sai da aka duba shi da safen. Ki tambayi wa ya iya taimakon gaggawa a cikinsu, akwatin magani yana fita tare da su ko yana ofis a kulle, kuma me suke yi ranar ruwa ko ranar tsananin zafi.

Ta ɓangaren karatun kuma tambaya ɗaya ta isa, ki ce wa malamar ajinsu ta faɗa miki me za su yi a waje a satin farko da yadda zai haɗu da abin da za su yi a aji. Wadda ta shirya za ki ji tana cewa za mu shuka iri kowa da gwangwaninsa mu riƙa auna tsiron da tsinke, za mu tara ganye mu ware manya da ƙanana mu ƙirga, za mu rubuta baƙi a ƙasa da yatsa kafin mu kai shi takarda. Wadda ba ta shirya ba za ta ce miki ai za su sha iska ne su ga halittun Allah, daga nan ba ƙari. Kuma wuri ɗaya za su riƙa komawa ko yawo za a yi ta yi da su? komawa wuri ɗaya ya fi, a nan ne yaro ke lura bishiyar da ya bari da fure yau ta zubar, kududdufin jiya ya ƙafe.

Baƙaƙe da lambobi kuma kar ki bari a ce miki an ajiye su gaba ɗaya, awa biyu ce a waje sauran ranar tana nan, ki nemi su nuna miki jadawalin. A gida ki riƙa karanta masa littafi ko na minti goma ne kafin barci kina bin layin da yatsa yana gani, wannan zai rufe miki tsoron gwajin firamaren. In an yi rabin zango ki koma ki ce a nuna miki zanensa da abin da malamar ta rubuta a kansa, in babu komai a rubuce to kin samu hujjarki.

Abu_Hanifa77:

To Malama in dai za a yi yadda kika lissafa ni ma ba ni da ja. Amma Maman Auta ki dage kan yawan manyan nan, nan ne za su so su yi miki kwana kwana domin ƙarin ma'aikaci kuɗi ne, kar ki karɓi "za mu duba", su faɗi lamba a gaban sauran iyaye. Kuma awa biyun dai har yanzu ina ganin su fara da ɗaya su ga yadda za ta kaya tukuna.